LITTAFI DA MAJIGI: WA KE CIN AMANAR WANI?

Duk ɗan Arewa mazaunin Kurmi wanda ya taɓa tasowa daga Ikko ko Badun ko Fatakwal za shi ganin gida, ya biyo ta Abuja ya shiga jirgin ƙasa a tashar Idu, ya san yadda zaman cikin taragon nan ya ke. An buɗe hanyar cikin shekarar 2016, tafiyar kilomita 186 ce daga Idu zuwa Rigasa ta Kaduna, watau zaman awa biyu da 'yan kai. Kafin jirgi ya kai Kubwa jama'a sun sunkuyar da kai, kowa da wayarsa a hannu. In ka leƙa kuwa, ba karatu a ke yi ba, kallo a ke yi. Ga sadaukan Indiya suna dirowa daga kan tsauni suna magana da Hausar Kano, ga mayaƙan Turkiyya da takubba, ga dodannin Turawa masu aman wuta. Mai riƙe da littafi sai an tona.

Wannan ba abin zargi ba ne, zamani riga ne. Amma ya ta da wata gardama wadda masu karatu suka daɗe suna yi ko'ina cikin duniya. In an ɗauki littafin almara, irin mai aljannu da sadaukai da garuruwan da babu su a taswira, aka mai da shi fim, shin abin da a ke gani a allo shi ne abin da marubuci ya rubuta, ko kuwa suna kawai aka ara? Wani zai ce wannan hirar 'yan boko ce waɗanda suka ci suka ƙoshi. To, ba haka ba ne, kuma mazauna Kudu ta fi shafa.

Dalili kuwa ga shi. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Sabon Shagamu, yana jin Hausa, da ita ya ke gai da iyayensa, da ita ya ke ciniki. Amma da yawa cikin irin yaran nan ba su taɓa karanta shafi guda na Hausar boko ba, domin makarantar da su ke zuwa ba ta koyar da ita. Uban yaron ya karanta Ruwan Bagaja a firamare, a Funtuwa ko Gumel ko Azare, har gobe in aka ambaci Malam Zurƙe sai ya yi murmushi. Ɗansa kuwa in har zai san Malam Zurƙe, a allo zai san shi. Abin da mai fim ya miƙa masa shi ne gadonsa, ba shi da littafin da zai buɗe ya ƙaryata. Saboda haka in mai fim ya yi ha'inci, ba marubucin da ke kabari kaɗai ya cuta ba.

Bari a fara da abin da ke hannu. Cikin shekarar 1933 Baturen nan Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka sa gasa. Daga wannan yunƙuri ne aka sami littattafan nan biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin malami ne a Midil ta Katsina yana ɗan shekara 22, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Bayansu Imam ya yi Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, Umaru Dembo kuma ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata. Watau Bahaushe ya fi shekara 90 yana da rubutacciyar almara. Waɗanda suka kai allo a cikinsu kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Wanda ya fi kowanne sa'a shi ne Shaihu Umar. Gaskiya shi ba littafin aljannu ba ne, labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa, amma shi ne ma'aunin da ke akwai, dole da shi za a auna. Da fari Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, kuma shi Nijeriya ta gabatar a bikin FESTAC da aka yi a nan Ikko farkon 1977. Littafin ɗan ƙarami ne, a zama ɗaya a ke gama shi. Fim ɗin kuwa minti 142 ne. Ka ga ke nan Halilu bai sha wahalar yanke-yanke ba, faɗaɗawa ya yi. Abin da Ɓalewa ya faɗa a layi biyu, kamar fitar mahara, ko tafiyar ayari cikin Sahara, ko zaman fada, sai na'ura ta tsaya a kai ido ya ƙoshi.

Amma abin lura shi ne abin da bai taɓa ba. Littafin ya buɗe da Shaihu zaune cikin almajiransa, suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari. Halilu ya bar wannan yadda ya ke. Bai ce ai fim ba ya son surutu, bari a fara da ihu da gudun dawaki ba. Ya gane cewa labarin ba zai yi nauyinsa ba sai mai kallo ya san cewa wannan dattijo mai natsuwa, wanda a ke durƙusawa gabansa, shi ne yaron da aka sace, shi ne wanda uwarsa ta faɗa hannun masu cinikin bayi garin nemansa har ta ƙare a Tarabulus. Wanda ya cire Shaihun da almajiransa ya bar sauran, ya yi fim ɗin tafiye-tafiye, amma ba Shaihu Umar ba.

A nan ne gizo ke saƙar game da Ruwan Bagaja. In ka tambayi masu shirya fim na Kano me ya hana su yin sa yadda ya kamata, amsar da ka fi ji ita ce kuɗi. A ce ina kuɗin gina birnin aljannu, ina na'urar da za ta sa mutum ya tashi sama. To, mai wannan magana ya koma ya sake karanta littafin. Ƙasar aljannu can wajen ƙarshe ta ke, kuma ba ta ci shafi da yawa ba. Mafi yawan littafin mutum biyu ne, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suna bin juna gari gari, yau wannan ya ɗana wa wancan tarko, gobe wancan ya rama. Dubi inda suka fara haɗuwa. Alhaji, wanda karatu bai zauna masa ba, ya sauka garin jahilai ya ce shi shehun malami ne, yana ta cin sadaka. Sai ga Zurƙe, mai ilmi na gaske, aka haɗa su gaban sarki. Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kiran sunayen baƙaƙe, Alhaji ya ce duk ba haka ba ne, jinjirin wata ne. Jama'ar gari suka duba suka ga lalle ya yi kama da wata, aka yi wa malamin gaskiya ature. Nawa za a kashe wajen ɗaukar wannan? Sanda guda, da fili, da 'yan wasa biyu waɗanda suka san aikinsu.

Wahalar ba ta kuɗi ba ce, ta baki ce. Abin da ya sa wannan wuri ke sa dariya har hawaye shi ne, wanda ya yi ta'asar shi ke ba da labarinta da bakinsa. Alhaji Imam ne, bayan ya dawo ya zama babban mutum a Kwantagora, ya zaunar da Koje Sarkin Labari, mutumin da ke yawo gari gari yana cin abinci da labari, ya ke fesa masa irin tsiyar da ya tsula, ba kunya ba nadama, wani wuri har da yabon kai. Mai karatu yana jin muryar nan a kunnensa tun daga shafin farko har na ƙarshe. Ba ya sanin inda gaskiya ta tsaya ƙarya ta ɗauka, kuma daɗin ke nan. Na'urar ɗaukar hoto kuwa ba ta iya ƙarya irin wannan ba. Abin da ta nuna, ya faru ke nan. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a nan maganar ta zama gaskiya ta hanyar da ba a so: da zarar an ga abin, jin ya tafi, alhali kuwa jin shi ne littafin.

An taɓa gwadawa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 Ramalan Nuhu ya yi fim ɗin Ruwan Bagaja, sai dai matasan yau kaɗan ne suka taɓa ganinsa. Wanda ya fi zama a zukatan mutane shi ne Magana Jari Ce da gidan talabijin na NTA Kaduna ya riƙa nunawa cikin shekarun 1980, wanda marigayi Ƙasimu Yero ke cikin 'yan wasansa. Ba abin mamaki ba ne. Shi Magana Jari Ce tun asali gunduwa-gunduwa aka yanka shi. Aku yana ba Musa ɗan sarki labari don ya hana shi fita, kowane dare da nasa, saboda haka talabijin mai zuwa mako-mako ya dace da shi kamar an auna. Ruwan Bagaja ma haka ya ke, kowane gari da abin da ya faru a cikinsa. Matse shi cikin awa biyu kamar ɗura ruwan tulu ne a buta. Yanzu kuwa da masu kallo suka saba da dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So, wanda a ke bi wata da watanni, wannan uzuri ya faɗi.

To, shin ana nufin mai fim ya bi littafi kalma bayan kalma, kamar mai bitar hadda? Ko kusa. Wanda duk ya ce haka bai san Abubakar Imam ba, domin shi kansa majuyi ne, kuma ba a yi majuyi kamarsa ba a ƙasar Hausa. Shi da bakinsa ya ambaci Muƙamatul Hariri cikin abin da ya taimake shi wajen Ruwan Bagaja, masana kuma sun nuna kamarsa da wata tatsuniyar Jamusawa ta neman ruwan da zai warkar da sarki. Akun Magana Jari Ce daga littattafan Indiya da Farisa ya taso, labaran da ke bakinsa kuwa wasu daga Dare Dubu Da Ɗaya, wasu daga tatsuniyoyin Turai. Amma wa ya taɓa karantawa ya ji warin baƙunci? Ya tuɓe musu kayansu ya sa musu riga da rawani, ya ba su sunaye, ya sa musu karin magana a baki. Haka Ahmadu Ingawa ya yi. Iliya sadaukin Rashawa ne, Sarki Waldima da birnin Kib su ne Biladimiya da birnin Kiyef, amma yau ka ce da Bakatsine Ƙwalele dokin Iliya ba na gida ba ne ka ji abin da zai gaya maka. Su Rashawan ma sun yi fim ɗin nasu Iliyan tun 1956, Amurkawa suka saya suka yanke, suka sa masa muryar Ingilishi da wani suna daban. Labari dai ba ya zama wuri ɗaya.

Saboda haka ba canji ne laifi ba. Abin tambaya shi ne, me aka canza, kuma don me. Imam in ya canza abu, don labarin ya zauna daram a kunnen Bahaushe ya ke yi. Akwai kuma mai canzawa don tsoro, ko don kwaɗayin kasuwa, ko don bai fahimci abin da ya karanta ba. Turawa, da duk kuɗinsu, sun nuna misalin kowanne.

Littafin Tolkien mai suna The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, ya haura shafi dubu. Peter Jackson ya ɗauke shi a ƙasar Niyu Zilan, ya fitar da fim uku daga 2001 zuwa 2003, jimlarsu ta wuce awa tara, amma duk da haka sai da ya zubar da kaya. Ya cire wani tsoho mai waƙe-waƙe da a ke kira Tom Bombadil ɗungum, ya cire babin da jaruman suka komo gida suka tarar azzalumai sun mamaye garinsu. Na ukun ya ci lambar Oscar 11. Ɗan marubucin, Christopher, bai gamsu ba, a 2012 ya gaya wa wata jaridar Faransa cewa an ƙwaƙule cikin littafin an mai da shi fim ɗin faɗa na samari. Yana da hujjarsa. Amma mafi yawan waɗanda suka karanta sun yarda cewa an rage kaya ne don jirgi ya haye, kuma ya haye. Sai ga shi Jackson ɗin nan dai ya koma kan The Hobbit, ɗan littafin yara na 1937, ya ja shi kamar danƙo har ya zama fim uku tsakanin 2012 da 2014, ya ƙago wata budurwa da babu ita a littafin, ya haɗa ta soyayya da ɗaya daga cikin jaruman. Na farko ragi ne na dole. Na biyu ƙari ne na ɗan kasuwa mai zuba wa madara ruwa.

Akwai na uku, wanda ya fi muni. Marubuciyar Amurka Ursula Le Guin ta yi littattafan Earthsea, da gangan ta sa jaruminta da yawancin mutanen ƙasarsa masu duhun fata. Da aka mai da su fim na talabijin a 2004 sai ga jarumin ya fito fari sol. Matar nan ba ta yi shiru ba, ta rubuta a fili cewa an ɓata mata aiki. Wannan ya kamata ya tsaya wa mai karatu a rai, domin kamfanonin waje sun fara leƙo labaran Afirka, kuma ranar da wani zai zo da jakar kuɗi ya ce yana son Ganɗoki, ba lalle ne ya so shi da Hausarsa da sallarsa ba. An ga alama a fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da ya fito a Netflix cikin 2021. Ba daga littafi aka ɗauko shi ba, amma Sarauniyar Zazzau ce ke magana da Ingilishi, kuma 'yan Arewa da dama sun yi ƙorafi a kan sutura da al'adun da aka nuna.

Sai dai kada a ɗora wa baƙo laifin da na gida ya fi iyawa. Tun da aka fara fim ɗin bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, littattafan da suka sami shiga su ne na soyayya da zaman aure, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, domin falo da mota da lambu ba su da wuyar samu. Kamfanin Sarauniya ya taɓa tatsuniya da Daskin Da Riɗi wajen ƙarshen shekarun 1990, jama'a kuwa suka karɓa. Amma kasuwar ta ginu a kan rawa da waƙa irin ta Indiya, har ya zama fim in babu saurayi da budurwa suna zagaya itace, 'yan kasuwa na ɗari-ɗari da shi. To, a ce yau an ba irin wannan mai shiryawa Ruwan Bagaja. Abin da zai fara nema shi ne inda zai saka waƙa. Zai ƙago wa Alhaji masoyiya wadda ke jiransa a gida tana kuka, ya mai da Malam Zurƙe abokin takara. Kafin a ankara tafiyar neman magani don wanke Liman daga wulakancin da sarki ya yi masa a bainar jama'a ta koma tafiyar neman aure. Zanen aro ba ya rufe katara.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne gyaran hali. Alhaji Imam na littafi ba waliyyi ba ne. Maƙaryaci ne, mayaudari, ya ci kuɗin mutane da sunan malanta, ya jefa abokinsa cikin masifa ba sau ɗaya ba. Imam, ɗan gidan malamai, ya san abin da ya ke yi. Da dariya ya ke nuna yadda jahilci ke sa gari guda ya bi ɗan damfara ya kori masani, kuma wannan ciwo bai warke ba har yau. Mai fim ɗin da ke tsoron kada a ce ya taɓa malamai zai wanke Alhaji tas, ya sa masa tasbaha, ya ƙare da wa'azi. Ya kuwa kashe littafin ke nan, ko da bai cire gari ko ɗaya ba. Tsoron nan ba daga iska ya ke zuwa ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ba da sanarwa cikin Satumba 2021 cewa ta hana fina-finan da ke nuna satar mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Niyyar mai kyau ce, kowa ya san halin da a ke ciki. Amma da za a auna Shaihu Umar da wannan mudu ba tare da duban manufa ba, da littafin Firayim Ministan Nijeriya na farko bai tsallake ba, tun da satar yaro ce ƙashin bayansa.

Sa'an nan a zo ga aljannun kansu. A nan mai son littafi ya kamata ya yi adalci, domin akwai abin da ba mai iya yi masa. Aljanin da ke cikin kan mai karatu ya fi kowane aljani da kwamfuta za ta zana, saboda kowa da irin nasa, gwargwadon abin da kakarsa ta tsorata shi da shi. Da zarar an sa wa wani ƙato garin alli a fuska da jan ƙyalle, an ƙara masa amsa-kuwwa a murya, yara sai dariya. Wanda ba shi da kuɗin Turawa, dabara ta fi masa: inuwa, da ƙara, da fuskar wanda ya gani ya firgita. Shaida kuwa tana nan a wayoyin mutane. Littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu sadaukai da matsafa da aljannu, ana karanta su da murya a YouTube, direba da maigadi da mai shayi su saurara awa da awanni, ba hoton komai sai bangon littafi. Ba wanda ya ce musu aljanin bai yi kama da aljani ba.

Maƙwabta Yarbawa sun riga sun bi wannan hanya, kuma mazauna cikinsu sun fi kowa sani. D. O. Fagunwa ya fitar da littafinsa na maharbi a dajin aljannu a 1938, shekara huɗu bayan Ruwan Bagaja. Wole Soyinka ya juya shi zuwa Ingilishi a 1968, Wale Ogunyemi ya mai da shi wasan Langbodo, wanda shi ne wasan kwaikwayon da Nijeriya ta kai FESTAC. Watau a biki guda, fim ɗin ƙasa da wasan ƙasa duka daga littattafan harsunan gida na shekarun 1930 suka fito. Daga nan Yarbawa ba su saki ba, tun daga Aiye na Hubert Ogunde har zuwa Anikulapo na Kunle Afolayan a 2022, suna ta nuna duniyar ɓoye da harshensu da tufafinsu, duniya kuma tana kallo tana karanta fassara a ƙasan allo. Ba su ce sai sun koma Ingilishi za a saya ba.

Ganɗoki ne zai zama jarrabawa ta gaske ga duk wanda ya ɗaura niyya. Rabinsa na farko tarihi ne, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da zuwan Turawa, da sunayen garuruwa da mutane na gaske. Rabi na biyu kuwa jarumin da ɗansa Garba Gagare sun faɗa ƙasashen aljannu suna ta yaƙi suna musuluntarwa. Mai son tarihi zai so ya yar da rabin ƙarshe ya ce shirme ne. Mai son dodanni zai so ya tsallake na farko ya ce ba ya sayuwa. Alhali ma'anar littafin tana wurin haɗin nan. Mutumin da bindigar Bature ta karya a zahiri shi ne ya tafi inda takobi ke da sauran amfani, sa'an nan ya dawo ya tarar duniya ta sake, yana ba 'yan makaranta labari. Bello Kagara ya rubuta wannan ne a ƙarƙashin mulkin waɗanda suka ci ƙasar, kuma su za su buga masa. Wanda ya raba littafin biyu bai ji abin da malamin ke faɗa a kaikaice ba.

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda masu fim kan yi kamar ba su sani ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare littafi muddin ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma mai da littafi fim yana cikin abin da sai da izini. Tafawa Ɓalewa ya rasu a 1966, Bello Kagara a 1971, Abubakar Imam a 1981. Kowa ya yi lissafi zai ga ba ko ɗaya da ya zama na kowa da kowa tukuna, na Imam ma sai bayan 2051. Izini yana hannun magada ko kamfanin da ke buga littafin, gwargwadon yarjejeniyar da aka yi. Wannan dama ce a hannunsu. Suna iya cewa sai sun ga rubutun fim kafin su sa hannu, suna iya sa sharaɗin harshe, suna iya hana a ƙara abin da zai sauya halin jarumi.

Shi kuwa fim ɗin Adamu Halilu, shekaru da yawa an ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta ƙasar Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Barlin a 2018. Jamusawa sun zauna sun kalli Shaihu Umar da Hausa suna karanta fassara, alhali jikokin waɗanda suka gan shi a Ikko a 1977 yawancinsu ko labarinsa ba su ji ba. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu, da ƙungiyoyin 'yan Arewa masu tara kuɗi don bikin Salla da taron siyasa, ba abin da zai gagare su ba ne su rubuta wa Hukumar da ke Jos su nemi a kawo shi a haska a filin makaranta. Kafin ranar, a sami malami guda ya karanta wa yara littafin da babbar murya, dare biyu ya isa, sa'an nan a kashe fitila a bar su su faɗi da bakinsu inda Halilu ya bi Ɓalewa da inda ya ratse.